Wa Zai Karɓa wa Hafizu Aure?

"Ɗago kai ka dube ni, Hafizu. Ran Talata mi za ka hwaɗa wa alƙali?"

Ruƙayyatu ce ta jefa tambayar tun ba ta gama shimfiɗa tabarma a zaure ba. Babu gaisuwa, babu ruwan sha. Hafizullahi, saurayin da ya rage kwana tara a ɗaura musu aure, ya tsaya yana juya makullin mashin a hannu.

"Haba sanyin idona... ko zama ban yi ba."

"Zauna. Ga tabarma. Amma sanyin ido ya dakata tukuna, amsa nika so."

Ya zauna. Wanda duk ya san Ruƙayyatu, malamar aji huɗu a firamare, ya san ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ita da kanta ta zaɓi Hafizu, ta kuma faɗa wa Innarta a fili tun kafin shi ya samu ƙarfin halin buɗe baki.

Abin da ya kawo wannan tsayuwar daka kuwa, duk Sabon Birni an sani. Yayarta Jamilatu ta dawo gida bara, bayan 'yan bindiga sun kashe mijinta a hanyar Tsamaye. Tun daga nan take firgita, ko ƙarar murfin tukunya sai ta zabura. Ruƙayyatu ce ta ba da shawarar a kai ta ruƙiyya wurin Malam Shafi'u, baffan Hafizu, malamin da ake cika masallaci don jin tafsirinsa. Ranar da za a je ana jarrabawa a makaranta, sai Hafizu ya ɗauki Jamilatu a mashin ya kai ta. Ta dawo ba ta ce wa kowa uffan ba. Sai a kwana na uku ta faɗi jikin Inna tana kuka, ta ce Malam ya keta mata haddi.

Kafin mahaifinsu ya gama shawara da manya, Malam ya riga su zuwa kotu. Ya shigar da ƙarar ƙazafi. In ta tabbata, bulala tamanin ke jiran Jamilatu, a gaban jama'a. Ya kuma shaida wa alƙali cewa bai taɓa keɓewa da ita ba, ɗansa Hafizu na zaune tun daga bisimilla har shafa fatiha. Bai ko tambayi Hafizun ba kafin ya ba da sunansa. Ina dalilin tambaya? Yaron da ya riƙa tun yana shekara bakwai, lokacin da wansa Labbo, manomi a Tozai, ya ba shi riƙo.

"Kin san abin da na gani," in ji Hafizu, murya ƙasa-ƙasa. "Ya aike ni kasuwa in sawo zuma da habbatus sauda. Na daɗe. Da na komo na ishe ƙohwa kulle ta ciki. Abin da anka yi ciki ban gani ba."

"Ban ce ka hwaɗi abin da ba ka gani ba. Wanda ka gani nika so."

"Jiya anka tara ni, Ruƙayya. Gwaggonnina, 'yan uwa, kowa. Sunka ce in na kunyata Baffa, babu namiji guda cikin dangi da za ya tsaya ya karɓa mani aurenki. Kin san Baffa shi ne wakilina."

"Na sani."

"To?"

Ta matso har gwiwarta ta taɓa bakin tabarmar. Idonta ya kawo ruwa.

"Wallahi ina sonka, Hafizu. Ina sonka son da ko Inna na jin kunyar yadda nika hwaɗinsa. Amma ba ni iya shiga ɗakinka da lalle a ƙahwata alhali bayan yayata na ɗauke da shatin bulala. In ka yi shiru, ni za ni hwasa. In ka yi magana, su za su hwasa. Ka ga ke nan auren ga duk inda ka juya shina cikin haɗari, saura ka zaɓi wanda za ka iya kwana da shi."

Da aka kira magariba Hafizu ya miƙe, ya tayar da mashin ya tafi.

Gari kuwa ya ɗauka. Wurin mai shayi, tashar 'yan kabu-kabu, rumfunan hatsi, har 'yan kasuwar da ke ƙetarawa Nijar sun tafi da labarin sun dawo da ƙari. A rediyo an buɗe layi, mutane na ta bugowa daga Isa da Shinkafi. Wani ya ce naman malamai dafi ne, duk mai taɓa su ya kuka da kansa. Wata mata ta bugo ta ce to ita macen da aka rufe wa ƙofa, a ina za ta samo shaidu huɗu, a cikin bango? Wani dattijo ya ce a yi sulhu a rufa asiri. Wani matashi ya tambaye shi asirin wa. A ofishin malaman makarantarsu ma an rabu biyu, sai dai da Ruƙayyatu ta shigo kowa ke kama duba littafin yara.

Ran Litinin, da la'asar sakaliya, Jamilatu ta same ta tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ta zauna kusa da ita, ta rame har ƙashin wuyanta ya fito.

"Ƙanwata, za ni janye. In ce ruɗin ciwo ne, in ba Malam haƙuri. In sun yi bulalar ma, kwana nawa ne ta warke? Ni tawa ta ƙare. Ke kuwa yanzu za ki hwara."

Ruƙayyatu ta ajiye faifan.

"Yaya, ƙarya kinka yi mashi?"

Jamilatu ta girgiza kai, hawaye na zuba.

"To ba ki janyewa. Ni na ce a kai ki gidan nan, ni na tsaya jarrabawa na bar ki ke ɗaya. Wannan ya ishe ni ɗauka, kar ki ƙara mani da wani. Gobe tare za mu tahi, ki sa shuɗin mayahinki, ki ɗaga kai."

"In Hafizu ya bi bayan baffansa hwa?"

"Ba ya bi."

"Ya ce maki?"

"Bai ce ba. Na dai san wanda na zaɓa."

Ta faɗa da ƙarfinta, ta ci gaba da tsintar shinkafa. Sai da Jamilatu ta shiga ɗaki sannan Ruƙayyatu ta lura tsakuwar take zubawa cikin tsintacciyar.

Ran Talata kotu ta cika har waje, mutane na leƙe ta taga. Malam Shafi'u ya iso da farar alkyabba, ɗalibai na biye, ana ta durƙusawa ana gaishe shi. Ruƙayyatu ta zauna a bencin mata, hannunta cikin na Jamilatu. Alƙali, wani dattijo mai tabarau da ba ya son hayaniya, ya sa aka kira shaidan mai ƙara.

Hafizu ya fito. Bai dubi ɓangaren mata ba, bai dubi baffansa ba.

"Mene ne tsakaninka da mai ƙara?"

"Baffana ne, Allah gafarta Malam. Shi ya riƙe ni, shi ya koya mani karatu. Duk harahin da na sani daga bakinsa na ji shi."

Malam Shafi'u ya gyaɗa kai, ya gyara zaman alkyabba.

"Ya ce kana zaune tun farkon ruƙiyya har ƙarshe. Haka ne?"

Hafizu ya ɗaga kai ya dubi alƙali.

"A'a. Ba haka ba ne."

Ɗakin ya ruɗe. Alƙali ya buga tebur sau biyu. Hafizu ya faɗi aiken kasuwa, ya faɗi sunan mai zumar da ya saya a wurinsa, ya faɗi ƙofar da ya tarar a kulle da yadda ya ƙwanƙwasa sau uku kafin a buɗe. Ya ce Jamilatu ta fito mayafinta a hannu, jikinta na rawa, shi kuwa ya ɗauka aikin ruƙiyya ne. Da aka tambaye shi abin da ya faru a ciki, ya ce bai gani ba, kuma ba zai ƙara ko kalma guda a kan abin da idonsa ya gani ba.

Lauyan Malam ya miƙe a fusace.

"Wannan yaron neman ƙanwar wadda ake ƙara yake yi. Son zuciya ne, a yi watsi da shaidarsa."

Alƙali ya dube shi ta saman tabarau.

"Wa ya kawo shi? Su ne, ko ku? Lokacin da kuka rubuta sunansa ba ku san wadda yake nema ba?"

Lauya ya koma ya zauna. Alƙali ya yi rubutu mai tsawo, sannan ya ce ba zai taɓa Jamilatu da bulala a kan ƙarar da shaidanta ya rushe ta ba. Ƙorafinta kuwa ya wuce a share shi da sulhun zaure, ya ba da umarni a yi bincike a kai maganar kotun da ke da hurumi. Bai ce Malam ya aikata ba, bai ce bai aikata ba. Waɗansu suka fita suna cewa an ci mutuncin addini, waɗansu na cewa yau aka mutunta shi. Jamilatu dai ta kifa kai a kafaɗar ƙanwarta ta yi kukan da ta daɗe ba ta yi irinsa ba.

A bakin ƙofa Malam ya tsaya gaban Hafizu. Hafizu ya durƙusa kamar yadda ya saba. Malam ya janye gefen alkyabbarsa ya wuce.

Kafin magariba an fitar da kayan Hafizu daga gidan Malam, an ajiye a bakin hanya. Washegari ya zo zauren su Ruƙayyatu, idonsa ja.

"Na je wurin mutum shida, Ruƙayya. Kowa ya ce in yi haƙuri. Ko mu ɗaga?"

"Ba mu ɗagawa, masoyina. Ran Asabar anka sa, ran Asabar za a yi. Ka zo ko kai ɗaya ne."

"Ango ba wakili? Dariya za a yi muna."

"A yi. Wanda ya tsaya gaban alƙali ran Talata, dariyar 'yan ƙohwar gida za ta kashe shi?"

Ya yi murmushin farko cikin mako guda.

Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansu Ruƙayyatu. Ita tana ciki da lalle a hannu, amma ta ƙi zama a ɗaka, ta zo ta laɓe a bayan ƙyauren zaure, Jamilatu na riƙe da gefen zanenta. Ta wata 'yar kafa take hango waje. Ɓangaren amarya ya cika. Tabarmar dangin ango kuwa babu kowa sai Hafizu da abokansa 'yan mashin guda uku.

Liman ya yi gyaran murya.

"Ina wakilin ango?"

Wani ya yi tari. Liman ya sake tambaya, ya ɗan dubi mahaifin Ruƙayyatu. Ita kuwa a bayan ƙyaure, wannan ƙarfin halin da ta yi mako tana rabawa mutane ya soma zubewa.

Sai ga wani tsoho ya taso daga can bayan taro, inda ya rakuɓe tun ɗazu ba wanda ya kula. Doguwar riga ce a jikinsa wadda ta sha wanki, ƙafarsa duk ƙurar hanya. Ya ratso mutane a hankali ya zauna a tabarmar da babu kowa.

"Ga ni."

Labbo ne, mahaifin Hafizu. Tun asuba ya baro Tozai, hanyar da ko masu mota ke shakkar bi.

Aka soma ƙus-ƙus. A ƙasar nan uba ba ya karɓa wa ɗansa aure, aikin baffa ne, balle ɗan fari. Ɗan fari ko sunansa uba ba ya kamawa don kunya. Shekara ashirin da takwas Labbo na cewa "yaron nan" ko "wancan", ko a bayan idonsa.

Liman ya sassauta murya.

"Malam Labbo, kai da kanka? Ba a samu wani ba?"

"Ba a samu ba. Shafi'u ƙanena ne, ciki guda, kuma ban zo in yanke mashi hukunci ba, wannan na alƙali ne da Allah. Amma yaron da na ba shi riƙo ya koya mashi karatu, ya karanta, ya yi aiki da shi. Ban ga laihin da za ni bar shi zaune shi kaɗai ba."

"To bisimilla. Wa kaka nema wa aure?"

Tsohon ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi tafin hannunsa. Ruƙayyatu ta ga Hafizu ya sunkuyar da kai har goshinsa na neman taɓa gwiwa.

"Ina nema wa ɗana..." Ya ɗaga kai, ya faɗa yadda na ƙarshen taro zai ji. "Ina nema wa ɗana Hafizullahi auren Ruƙayyatu."

Kafaɗun Hafizu suka soma girgiza. Mahaifin Ruƙayyatu ya share ido da hannun riga ya ce, "Na ba shi."

A bayan ƙyaure Ruƙayyatu ta juya ta rungume yayarta, lalle ya ɓata shuɗin mayafin, babu wadda ta damu. Ba a jira shafa fatiha ba. Jamilatu, wadda aka yi shekara ba a ji muryarta ta wuce tsakar gida ba, ita ta fara rangaɗa guɗa.