Sudaddiyar Tayar Suruki

A cikin cunkoson motoci ya fara ganinta. Awa biyu yana maƙale a mahaɗar hanya, ba gaba ba baya, ita kuwa tana tsaye a tsakiyar titi da hula da usur tana ba da hannu, gumi har wuya. Jami'ar kiyaye haɗurra ce, Kofur ake ce mata. Shi direban bas ne, autan shugaban tasha. Da ya zo daidai ita sai ya miƙa mata ruwan sanyi ta taga.

"Ba ma karɓar komai a bakin aiki, Malam. Ɗaura bel ɗinka."

Ya ɗaura, amma zuciya ta riga ta tafi. Sati uku bawan Allah yana zarya a hanyar nan kafin ya samu lambarta.

"Danjata, fitilar hanyata, kin ci abinci kuwa? Ranar nan ta yi yawa, ki riƙa shiga inuwa."

"Na ci, Auta. Kai dai ka daina taɓa waya kana tuƙi."

Da maganar aure ta taso, mahaifinsa ya yi tsalle ya dire. Shi zai haɗa zuri'a da masu kama musu motoci? A ofis ma ba sauƙi. Wani abokin aikinta da ya neme ta ta ƙi, shi ya kai gulma, shugabanta ya ce duk ranar da ta ɗaga wa motar tashar nan ƙafa, a bakin aikinta. Gaba kura, baya sayaki. Ta rame, ko dariyar kirki ba ta yi.

Ran nan da azahar wata bas ta iso shingensu, fasinja sha takwas, tayar gaba ta sude har wayar cikinta ta leƙo. Baban Auta ne da kansa a sitiyari. Abokin aikin nan ya harɗe hannu.

"Kofur, wannan naki ne."

Ta ƙarasa, ta durƙusa da kakinta a kan kwalta mai zafi.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya."

"Baba, a yi haƙuri a ba ni makulli. Tayar nan ba za ta kai ku ba."

Ya jefo mata makullin bai ko dube ta ba. Ta rubuta takardar tara, sannan ta koma gefe ta tura saƙo: "Auta, na kama motar Baba. Na san na kashe maganarmu da hannuna. Ka yafe mini."

Kwana uku shiru, don Baba ya rantse idan Auta ya kira ta ba shi ba shi. A na huɗu sai ga tsohon a ofis, ya ce a kira masa ita.

"Shekara talatin ina kan hanya, ba wanda ya taɓa durƙusa mini sannan ya ƙwace mini mota. Mai faci ya cire tayar, na ga cikinta da idona, 'yata, da ba ki tsayar da ni ba da ta fashe da mu a hanya. Ina ne gidanku?"

Ta fashe da kuka, sai wata abokiyar aikinta ce ta yi masa kwatancen gidan.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, direbobi a layi ɗaya da masu kaki. Baba ya dafa kan Auta ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Ka riƙe ta amana, ka kuma duba tayoyinka, don wannan ko ni ba ta bari ba."