Shaidar da Mama Ta Riga Ta Bayar

Keziya na zaune a bakin gado a ɗakinsu na Samaru, ɗanta Wisdom na ta tsala kuka, ita kuwa ido kawai ta zuba masa. Tun da ta haife shi haka take, ba ci, ba barci.

Mijinta Kefas ya ɗauki yaron. "Kezi, me likita ta ce?"

"Wai zaman tattaunawar da muke yi bai isa ba, sai na haɗa da magani." Ta ɗago ta dube shi. "Amma Mama fa?"

Ran Lahadi mahaifiyarsa ta miƙe a cocinsu na Sabon Gari ta ba da shaida cewa surukarta ta warke sarai, matan coci har da guɗa, don kawai ta ga Keziya ta yi murmushi sau ɗaya.

Da yamma ya je ya durƙusa gaban Mama, ya gaya mata batun maganin.

"Maganin masu taɓin hankali?" Mama ta dafe ƙirji. "Bayan na tsaya gaban jama'a na gode wa Ubangiji? So kake a ce ƙarya na yi?"

"Mama, ciwon damuwa ne, difireshon, ciwo ne kamar—"

"Rufe min baki da Turancinka! In ta sha, kada ta sake tako min gida!"

"Ko ɗanta ba ta iya ɗauka, Mama! Tsoro nake ji in tafi aiki in bar ta ita kaɗai!"

Ta juya masa baya.

Washegari ya kai matarsa asibiti, ta fara shan maganin. Likita ta ce maganin yana ɗaukar makonni kafin a ga aikinsa. Makonnin suka yi ta tafiya, sai jiri da tashin zuciya. Mama ta daina ɗaga wayarsa.

"Na raba ka da mahaifiyarka a banza," in ji Keziya tana kuka.

"Ke dai sha. Zo mu yi addu'a."

Wata Asabar sai ga Mama da kular abinci, fuska a ɗaure, ta zo ne don ta tafi da jikanta tunda uwarsa ta kasa. Ta tarar da Keziya a tsakar gida tana yi masa wanka, tana tsokanarsa: "Kai, wannan kai naka irin na babanka ne!"

Mama ta tsaya cak.

Keziya ta durƙusa. "Sannu da zuwa, Mama. Fate ne a kular? Yunwa nake ji."

Hawaye suka zubo wa Mama. "Kefas, kana tsaye kamar soja! Ɗauko mata kwano! Ta sha maganin nata na yau kuwa?"

'Yan'uwa, kada kunyar idon jama'a ta hana mu nema wa namu lafiya. Allahn da muke roƙo, Shi ya ba likita sani.