Injin Sharar Amarya

"Ka kira wadda za ka aura ta zaɓa mana. Ni me ya haɗa ni da kayan gidanka?"

Nuriyya ce tsaye a ƙofar shagon Zayyad da ke Titin Koudoukou, ta dogara da sandarta, idanunta sun yi ja saboda kuka.

Zayyad yana tsugune tsakanin kwalaye uku, ya ɗago a hankali.

"Nuri... wace ce wadda zan aura in ba ke ba?"

"Kar ka raina mini hankali. Amira ta faɗa mini komai."

Amira 'yar ƙanwar mahaifiyarsa ce, kuma kowa a unguwar Kilomita Biyar ya san ta daɗe da ɗora ido a kansa. Ita ta je har gidan su Nuriyya a unguwar Yakité, ta zauna tana matsar hawaye, ta ce mahaifiyarsa Hajiya Hureira ta rantse ɗanta ba zai auri macen da ba ta iya riƙe tsintsiya ba. Ta ƙara da cewa har ya yi odar kayan gida daga Duwala saboda wata.

Maganar ta sami Nuriyya inda ya fi ciwo. Shekarar da 'yan bindiga suka ƙone gidansu na unguwar Kokoro, harsashi ya same ta a ƙugu suna gudun neman mafaka. Ta rayu. Tana girki a tsaye, tana ɗinki a zaune, amma sunkuyawa ta gagare ta har yau.

"Shigo ki zauna, masoyiyata, ki ga kayan da kanki."

Ta shiga, don kawai ƙafarta ta gaji.

Ya ciro wani abu baƙi mai kama da faifai, ya ajiye a ƙasa, ya danna. Abin ya yi ƙara kaɗan, ya kama tafiya shi kaɗai yana zuƙe jar ƙasar da ke kan siminti. Ya iso gaban ƙafarta, ya juya.

"Injin shara ne," in ji shi. "Uku na sa aka kawo mini, na rasa wanda zan ɗauka. Wannan yana magana da Faransanci, amma sai an haɗa shi da waya. Farin can har goge ƙasa yake yi da ruwa. Na ukun ba shi da kwalliya, sai dai cajinsa na daɗewa, kuma yana hawa kan darduma."

Nuriyya ta bi injin da kallo, sai hawaye.

"Wato ka sayo abin da zai rufe aibuna a idon mahaifiyarka..."

"Ba ra'ayinsa ba ne. Ni na sa shi."

Muryar daga bayan kantar shagon ta fito. Hajiya Hureira ce zaune a kujera, tulin kwalayen rediyo ya kare ta, carbi a hannunta.

"Ina wuni, Mama..."

"Lafiya lau, 'yata. Matso nan. Me Amira ta ce na ce?"

Nuriyya ta kasa ɗaga kai. Da ƙyar ta maimaita maganar.

Hajiya ta ja carbinta.

"Rabin maganata ta kai miki, ta cinye rabi. Cewa na yi ba zan ɗauko 'yar mutane in kawo ta gidan da za ta riƙa cije baki tana shara don kar a ce ta gaza ba. Na san irinku, ba za ki taɓa cewa kin gaji ba. Na ce masa ya nemo abin da zai ɗauke miki wannan, sannan in aika wurin Baffanki Lado. Da na ce a ɗauki mai aiki, Zayyad ne ya ce ba ki son a riƙa yi miki komai."

Nuriyya ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Ta kalli Zayyad, ya ɗauke kai yana murmushi.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Na kira ki har na gaji, Nuri. Kin ƙi ɗagawa."

Kunya ta rufe ta.

"Amira kuwa ki bar ni da ita," in ji Hajiya. "Yanzu zaɓi, ke za ki zauna da shi."

Nuriyya ta share fuska da gefen mayafi. Ta dubi kwalayen da kyau.

"Mai surutun nan a mayar da shi, garin da sabis ɗin waya ke ɗaukewa ba gaira ba dalili. Farin kuma wa zai riƙa cire masa tsumma a ƙasa? A ba ni na ukun. Wutar unguwarmu sai ta ga dama take zuwa, gara mai riƙe caji. Amma fa sai an aza shi kan tebur in za a zubar da sharar."

"Wannan aikina ne," in ji Zayyad. "Kullum, kafin in fito shago."

"Na ji da kunnena," Hajiya ta ce tana dariya. "Ki gaya wa Baffanki, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci iyayensa maza na tafe."

Nuriyya ta jingine sandarta, ta dafa kantar shagon, ta fara ƙoƙarin durƙusawa ta yi godiya, ciwon na sukar ta har cikin ƙashi.

Hajiya ta miƙe da sauri ta riƙo kafaɗunta, ta ɗago ta.

"A'a, 'yata. A gidana a tsaye za ki riƙa gaishe ni."

Sai Nuriyya ta kifa kanta a kafaɗar Hajiya, ta yi kukan da ba na baƙin ciki ba.