Ƙirjin da Hansatu Ba Ta Saurara Ba

Ku rage fitilar nan, ku matso. Hansatu abin ya faru da ita, 'yar ƙanwar maƙwabcinmu Baba Ilu, lokacin da take ƙaro karatun jinya a kan duba lafiyar yara, aka tura ta wani ƙaramin asibitin ƙauye.

Ranar nan ta gaji, ga jarrabawa washegari a birni. Tana shirin tashi, wata mata mai suna Uwani ta shigo da ɗanta. Hansatu ta taɓa goshinsa kawai.

"Zazzaɓi ne, Inna. Ga magani, ku je."

Ba ta ɗaga rigarsa ba, ba ta saurari ƙirjinsa ba. Alhali an koya mata.

Magariba ta kawo jiki. Ta yanke ta rafi ita kaɗai don ta sami motar ƙarshe. Kwaɗi na ta kuka, sai suka yi tsit. A bakin ruwa ga wata doguwar mata da goyo.

"Malama, duba min yaron nan."

Muryar kamar daga cikin randa take fitowa. Hansatu ta sunkuyar da kai. Yatsun ƙafar matar baya suke kallo.

Gudu ya gagara. Ta ciro abin sauraron ƙirji, ta ɗora wa yaron. Jikinsa sanyi ƙalau, ƙirjinsa ko motsi babu. Amma a kunnenta wani numfashi ne ke fita da sauri, yana kakari.

"Nawa lafiyarsa lau," in ji matar. "Na Uwani kike ji. Tun ɗazu ya hana mu sakat."

Nan ƙafar Hansatu ta saku. Ta juya a guje, ta bar takalmi ɗaya a taɓo, tana tambayar gidan Uwani.

Ta tarar da yaron kwance a tabarma. Ta ɗaga rigar. Ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa da kowane numfashi, leɓensa ya fara sauya launi. A babur suka kai shi babban asibiti, tana rungume da shi, tana istigfari a hanya. Likita ya ce ciwon huhu ne, da an kai safe da sai dai wani zancen.

Yaron ya tashi. Jarrabawa kuwa ta wuce Hansatu, ba ta ko yi zancenta ba.

Bayan an sallame su, Uwani ta zo da ƙwan zabi a ƙwarya.

"Allah ne ya dawo mana da ke, 'yata. Ya aka yi kika sani?"

Hansatu ta kasa ɗaga ido. Ta karɓa don kunya, ta rabar wa maƙwabta, ko ɗaya bai shiga bakinta ba.

Har yau, in yaro ya shigo da ciwon ƙirji, tun daga bakin ƙofa kunnenta na hagu ke yin sanyi. Ba ta san ko kyauta ce ko horo ba.

Ku dai, kada wanda ya bi ta rafin nan shi kaɗai in rana ta faɗi. Masu wurin suna jin abin da muka ƙi saurara.