Abin da Ya Maƙale a Tumbin Goggo

Rana ta yi ja, ma'aikata sun fara wanke hannu a bakin tankin ruwa, sai foman ya ɗaga wa Bahago hannu.

"Yi lodi ɗaya ka cike min ramin nan na bakin gareji, sannan ka je ka ajiye Goggo. Ni na wuce."

Bahago ya gyaɗa kai, ya juya sitiyari.

Goggo tsohuwar katafila ce, irin ƙananan nan da ke kankare ƙasa su kwashe da kansu. Wuƙa ce a ƙarƙashinta tana yanka, sarƙa mai faffaɗan cokula tana juyawa tana ɗaga ƙasar zuwa tumbi. In an isa wurin zubarwa a ja liba, ƙasan tumbin ya zame, ƙasa ta shimfiɗu. Ba ƙofa, ba gilashi. Kujera ce da rumfar kwano da libobi masu taurin kai. Mai tuƙa ta kullum yana komawa gida kamar an tono shi.

Akwai kuma sabuwa, wadda ma'aikata suka raɗa wa suna 'Yar Gata. Ɗakin gilashi, iska mai sanyi, a taɓa maɓalli da ɗan yatsa ta yi aikin da Goggo ke yi da kafaɗa. Da aka kawo ta, kowa ya san ta Bahago ce. Har ya zauna a kujerarta, ledar ma ba a cire ba.

Washegari aka miƙa wa Ɗan Gayu mabuɗin.

Ɗan Gayu mijin ƙanwarsa ne. Bahago ya koya masa tuƙi, Bahago ya tsaya masa ya samu aikin, Bahago ya ba shi ƙanwar. Ɗan Gayun ne kuma ya shiga ofishin foman ya ce idon Yaya ya fara hazo, kada a ba shi sabon inji ya jefa a rami. Maganar idon kuwa a cikin gida kaɗai aka san ta.

Tun daga ranar Bahago bai ce masa uffan ba. Abin dai yana nan a ƙirjinsa kamar garwashi a cikin toka. Duk lokacin da 'Yar Gata ta wuce shi ta tuɗa masa ƙura, Ɗan Gayu ya ɗago masa hannu daga bayan gilashi, sai garwashin ya ƙara ja.

A tsakiyar filin da suke yankar ƙasa akwai wani tudu da aka bari. An kwashe ko'ina an zagaye shi, ya tsaya shi kaɗai kamar tsibiri, da tsohon suri a kansa. Wanda ya fara sa masa wuƙa, injinsa ya mutu a take, shi kuma ya kwana yana magana da bango. Daga nan ba wanda ya sake matsawa. Ko fitsari ba a yi a gindinsa.

Bahago ya zo zai wuce tudun. Ya cire ƙafa daga totur.

Ya duba hagu, ya duba dama. Ba kowa.

Ramin da aka ce ya cike, nan ne daidai inda 'Yar Gata ke kwana.

"Ya ɗanɗana shi ma," ya faɗa a ransa. "Ko da zazzaɓi ne. Ko injin ya mutu a hannunsa, mu ga ido mai kyau."

Ya ja liba da hagunsa. Wuƙa ta sauka a kan tudun.

Ya san kukan sarƙar Goggo kamar tarin matarsa. Ƙwal-ƙwal-ƙwal take yi in tana cin jar ƙasa. Wannan karon ba haka ta yi ba. Ƙaras-ƙaras ya ji, kamar ana taka tukwane. Wani wari ya taso ya danne warin gas: hayaƙin murhu, da ƙanshin nono mai ɗumi, irin na ɗakin mai jego.

Bai tsaya ba. Ya cika tumbi, ya ɗaga wuƙa, ya nufi gareji.

Ɗan Gayu na zaune a cikin 'Yar Gata yana shan sanyi yana latsa waya, yana jira a cike masa wurin. Ya ɗan buɗe ƙofa.

"Yaya, ka dai ga ramin ko? Ko in sauko in riƙe maka hannu?"

Bahago ya yi murmushi. Rabon da ya yi masa murmushi an daɗe.

"Na gani, ƙanina. Sarai na gani."

Ya zuba ƙasar, ya bi ta kai ya daidaita ta sumul. Ya tsaya har ya ga tayoyin 'Yar Gata sun hau kanta. Sannan ya kama hanyar bayan tudun tsakuwa, inda ake ajiye Goggo saboda yoyon mai.

Hanyar doguwa ce, ba kowa a kanta. Magariba ta sauko. Fitilar Goggo ɗaya ce mai aiki, ita ma kamar ta ƙwai.

Iska ta ɗauke. Kwaɗin da ke kuka a ramin ruwa suka yi tsit.

Mace ce tsaye a tsakiyar hanya.

Ya taka birki. Doguwa, siririya, zanenta kalar ƙasa. Gashinta a barbaje, ƙura na zuba daga cikinsa ba ta ƙarewa. Gaban rigarta a jiƙe. Fitila na haska ta, amma ba inuwa a bayanta.

Injin Goggo yana ruri, ko ihu aka yi ba a ji. Amma da ta yi raɗa, a cikin kunnensa ya ji.

"Wa ya kwashe min ɗaki?"

Addu'ar da ya sani tun yana yaro ta gudu daga kansa.

"Na fita ɗibar ruwa," ta ce. "Na bar ɗana yana barci. Wa ya kwashe min ɗaki?"

A nan ya kamata ya faɗi gaskiya. Ya buɗe baki ma da niyyar haka. Sai ya tuna hannun nan da ake ɗago masa daga bayan gilashi.

Ya nuna baya da babban yatsa.

"Bi warin ƙasarki," ya ce a hankali. "Wanda kika samu a kanta, shi ne."

Ta dube shi. Idanunta ba fari a ciki.

Ya ƙifta ido, ba ta nan.

Kunya ce a faɗa, amma daɗi ya ji. Wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, irin wanda bai ji ba tun ranar mabuɗi. Har ya yi ɗan tsaki na dariya.

Sai ya jiyo 'Yar Gata ta tashi.

Ba irin tashin da ya sani ba. Ihu injin ke yi. Hon ya kama, ya ƙi saki.

Ya juya Goggo. Ya ce wa kansa kallo kawai zai yi.

Ya samu 'Yar Gata ta bar gareji, tana tafiya a hankali, ta miƙe sak zuwa ramin ruwa, wanda zurfinsa zai haɗiye gidan sama. Fitilunta duka a kunne. A cikin gilashi Ɗan Gayu na dukan ƙofa da hannu biyu. Ba shi ke tuƙi ba.

Ƙasa ce ke fitowa ta ramukan iskar sanyi. Tana zuba kamar gari. Ta rufe masa gwiwa. Ta kai ƙugu.

Matar na zaune a kan rufin, ta tanƙwashe ƙafa, ta sunkuyo da kai tana leƙensa ta gilashi. Bakinta na motsi. Tambaya ɗaya take maimaitawa.

Bahago ya tsaya yana kallo.

Ƙasa ta kai ƙirji.

Ɗan Gayu ya hango shi. Ya manna fuska a gilashi. Ba a jin murya, amma bakin ya nuna abin da yake faɗa. Yaya. Yaya.

Haka ƙanwarsa ke kiransa. Ita da ke gida yanzu da tsohon ciki, ta ɗora tukunya tana jiran mijinta.

Ya danna totur har ƙasa.

Goggo ta yi gurnani, ta yanke ta gaba, ta gitta a bakin ramin. 'Yar Gata ta daki gefenta. Ƙarfe ya yi kuka. Tayar Goggo ta baya ta zame, ƙasa ta gutsure ta faɗa ruwa. Suka tsaya a haka, suna tura juna.

Bahago ya ɗauki babbar sifana, ya haye, ya maka wa gilashi. Ya sake makawa. Gilashi ya tarwatse, ƙasa ta kwararo masa a jiki, da ɗumi kamar jini. Ya kama wuyan rigar Ɗan Gayu ya finciko shi. Suka faɗo tare.

Injinan biyu suka mutu lokaci guda.

Shiru.

Ɗan Gayu na tari yana aman ƙasa.

A cikin shirun nan aka ji wani ƙaramin sauti. Siriri, a gajiye.

Kukan jariri.

Daga tumbin Goggo yake fitowa.

Duk wanda ya tuƙa Goggo ya san ba ta zubar da kaya tas. Kullum sai laka ta maƙale mata a lungu, sai an shiga da shebur. Karon da aka yi ne ya girgiza abin da ya maƙale.

Matar ta ɗago kai. A hankali ta juyo. Wuyanta kaɗai ya juya.

"Kai ne."

"Tsaya, baiwar Allah," ya ce. "Bari in ɗauko miki shi."

Ya kama ƙarfe ya haura, ya dira cikin tumbin. Duhu. Warin tsatsa da nono. Ya lalubi lungu da hannu, ya tona da farce. Ya taɓa wani dunƙule mai laushi. Yana numfashi. Girmansa bai fi ƙwarya ba, amma nauyinsa kamar dutsen niƙa. Bai yarda ya kalle shi ba.

Ya ɗaga sama. Hannuwa masu sanyi suka karɓa.

Kukan ya tsaya. Ya ji tana shinshina ɗanta. Sai ta yi wani sauti daga maƙoshi, wanda har yau bai iya kwatantawa.

"Wuƙarka ta yanke shi a hannu."

Ƙwal.

Sarƙar Goggo ta motsa. Inji a mace, amma cokulan suka fara juyawa.

Ƙwal. Ƙwal. Ƙwal.

Ba mai jan liba, wuƙa ta nutse, ƙasa ta fara zubo masa a kai. Ya yi tsalle ya kama bakin tumbi, ya sulluɓe. Ƙasa ta kama idon sawunsa. Ta kama gwiwa. Ta cika masa baki.

"Ka rushe min ɗaki," raɗar ta ce. "Ka kuma aike ni kamar karenka."

Wani hannu ya kamo kwalarsa daga sama. Ɗan Gayu ne, a kwance a kan ƙarfe, yana ja yana kuka yana salati. Rigar ta yage. Ya kamo damtsensa na dama. Ya ja.

Kan Bahago ya fito. Ƙirji ya fito.

Sai ta riƙe hagunsa.

Ba ta ja ba. Riƙewa kawai ta yi, daga wuyan hannu. Sanyi ya ratsa har kafaɗa, ya ji hannun na mutuwa yatsa bayan yatsa.

"Wannan ne ya ja ƙarfen," ta ce. "Zan riƙe shi jingina. In na ɗana ya warke, naka ya warke. Muddin kana jin zafi a cikinsa, ɗana yana raye. Ranar da ka daina ji, ni ma na san kana da 'ya'ya."

Ta saki.

Suka gangaro ƙasa su biyu. Bayansu gaɓar ramin ta tsage, Goggo ta karkata, ta tafi cikin ruwa da sarƙarta tana juyawa.

Suka yi gudu har bakin titi, ba wanda ya waiwaya. A nan Ɗan Gayu ya durƙusa yana haki. Ya ji duk abin da aka faɗa.

"Kai ka turo min ita, Yaya."

"Ni ne."

"Ba don kai na ciro ka ba. Don kada matata ta yi kukan yayanta da cikin nan ne."

Daga ranar Ɗan Gayu bai ƙara kiransa Yaya ba. Bai kuma koma aikin ba, don ko ɗaki aka rufe masa ƙofa sai ya fara shaƙewa. Kamfani ya ce gaɓa ce ta zaftare, aka karkatar da aikin, aka bar abin da ya rage na tudun.

Hagun Bahago ya bushe ya lanƙwashe a ƙirjinsa. Likitoci sun duba ba su ga komai ba. Da dama ya koyi cin abinci, kamar ƙaramin yaro. Matarsa ta sha jin yana addu'a bayan salla, yana roƙa wa wani yaro lafiya da hawaye. Ta tambaye shi ɗan waye, ya ce ɗan mutane ne.

Kowace safiya yakan ɗauki allura ya tsikari tafin hannun. In ya ji ɗan zafi can nesa, sai ya yi hamdala ya karya kumallo.

Wata safiya ya tsikara bai ji komai ba. Ya canza wuri. Ya tura allurar har ta ɓule ta baya.

Yana nan zaune da allura a hannu matarsa ta shigo da shara.

"Maigida, wata doguwar mata ta yi sallama ɗazu," ta ce. "Ko zama ba ta yi ba. Wai tambaya take, a wane ɗaki yaranmu ke kwana."