Rawar Hannun Linnea

Ranar da Linnea Maki ta fara ganin Corwin Dufresne, hannunta na dama ne ya ba ta kunya. A zauren ƙasan wani coci ne a garin Duluth na Amurka, inda masu haɗa ƙananan jiragen sama na roba suke taruwa sau ɗaya a wata, kusan duk dattawa masu furfura. Ta ɗauko wata mitsitsiyar farfela da hantsaki, hannun ya yi rawa, farfelar ta yi tsalle ta shige ƙarƙashin tebur.

Gabanta ya faɗi, kuma ba don farfelar ba.

Wani dogon saurayi ya durƙusa yana lalube har ya gwara kai da tebur. Ya miƙo mata yana shafa ƙeya, ya ce, "Shekara uku ina zuwa nan, sai yau na ga wanda bai kai sittin ba. Ki taimaka min ki dawo wata mai zuwa."

Ta yi dariya, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Corwin makanikin motocin share ƙanƙara ne. Da ya ga kwalin jirgin da ke gabanta, tsohon yayi wanda takardar umarninsa har ta yi ja, sai ya rikice, ya ce irinsa kakansa ya fara saya masa. Ta ce na mahaifinta ne, ta tsaya a nan.

Abin da ba ta faɗa ba ya fi yawa. Tana yarinya, duk Asabar Baba Arvid kan shimfiɗa jarida a teburin kicin, rediyo na kawo wasa, warin gam ya cika gidan, ita ce mai riƙe fiffike har ya kama. Yana ɗan arba'in da huɗu burushin fenti ya fara suɓuce masa. Ciwon Huntington ne, na gado, mai lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma likita ya ce Linnea ma tana iya ɗaukarsa, rabi da rabi. Yanzu Baba yana gidan jinya, ko cokali ba ya iya riƙewa. Gwajin jini ɗaya zai gaya mata gaskiya, amma shekara takwas tana gudunsa. Kullum da safe sai ta miƙa tafinta ta zuba masa ido.

Ta dawo watan da ya biyo baya, da wanda ya bi shi. Kafin ƙanƙara ta narke, saƙonsa ne ke tashinta.

"Matuƙiyata, na manna gilashin jirgi a baibai saboda tunaninki. Ki zo ki ga ɓarnar da kika jawo."

"Kar ka ɗora min, makaniki. Dama can ba ka iya ba. Ina zuwa da biredin kirfa."

Kowane saƙo yana faranta mata, yana kuma ƙara mata tsoro.

Ranar wata Lahadi ya kai ta cin abinci wurin mahaifiyarsa, Claudette. Matar ta tarbe ta da fara'a, amma da jin sunan Maki sai fuskarta ta canza. Ashe ta yi shekaru tana aiki a gidan jinyar nan kafin ta yi ritaya. Linnea ta kwaso kwanuka za ta kai kicin, ta jiyo muryarta ƙasa-ƙasa tana yi wa Corwin magana.

"Na san mahaifinta, ni na sha yi masa wanka. Ka san abin da kake shirin ɗauka kuwa? Ga Odile 'yar cocinmu, lafiyarta ƙalau, tun yaushe take jiranka."

Linnea ta ajiye kwanukan a hankali, ta ɗauki rigar sanyinta ta fita.

Mako uku ba ta ɗaga wayarsa ba. A cikinsu ta je asibiti ta ba da jini don a yi gwajin, aka ce ta dawo bayan wata guda. Barci ya ƙaurace mata. In kofi ya girgiza a hannunta sai zufa ta karyo mata. Da saƙonninsa suka tsaya, ta ce shi ke nan, ya bi maganar uwarsa.

Wata yamma ta je gaida Baba, ta tura ƙofa ta tsaya cak. Corwin ne zaune a gefen gado da jarida shimfiɗe a tebur. Shi ke riƙe da sassan wani ƙaramin jirgi, Baba yana nuna masa wurin gam da haɓa, yana masa faɗa da muryarsa mai sarƙewa. Ma'aikaciya ta raɗa mata cewa kwana goma ke nan yana zuwa.

A baranda ta ce masa ya tafi. Ta ce ya ga Baba, watakila haka za ta koma, ya bari sakamakon gwajin jininta ya fito.

Ya girgiza kai. "In na jira takarda, har abada za ki ɗauka takardar na aura. Yanzu nake tambaya. Linnea, ki aure ni."

"Tsoro nake ji, Corwin."

"Ni ma. Mu ji shi tare."

Ta kifa kai a ƙirjinsa ta amsa.

Tare suka je karɓar sakamakon. Ta gaji ciwon. Likita ta ce babu alamar ya fara, rawar hannun nan fargaba ce kawai, kuma tana iya samun shekaru masu yawa lafiya lau. A mota Linnea ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa, shi kuwa ya riƙe ta.

Kwana biyu bayan haka aka ƙwanƙwasa mata ƙofa. Claudette ce da tukunyar miya.

Matar ta zauna ta ce, "Abin da na faɗa tsoro ne ya sa ni, don na ga ciwon nan da idona. Ɗana ya ƙi ji. Na kwana ina tunani, na ga in ranar ta zo, za ku buƙaci wadda ta san aikin. Ga ni."

"Mama..."

"Sha miyarki tun da zafi, 'yata."

A watan Yuni aka ɗaura auren a lambun gidan jinyar, don Baba ya halarta. Dattawan zauren suka zo cikin tsofaffin kwat ɗinsu. Corwin ya tura keken Baba har gaban limamin coci, Linnea tana tafe a gefensa. Da aka tambaya wa ya ba da amarya, tsohon ya daɗe yana kokawa da harshensa, kowa ya yi tsit yana jira.

"Ni," ya ce. "Allah ya yi muku albarka."

Claudette ce ta fara cewa amin.