Sawun Ƙafa a Katakon Hawa na Uku

Ƙarfe biyu da rabi Insifekta Awabu ta isa wurin ginin a unguwar Maamobi, cikin birnin Ankara. An yi ruwa da safe, ko'ina caɓi. Gawar Saddique magini na kwance gindin katakan da ake hawa a yi aiki, an rufa mata zane.

Leburori sun riƙe wani siririn mutum.

"Wane ne wannan?"

"Zakaria, ɗan Nijar," in ji Masta Osumanu, shugaban aikin. "Shi ke ɗaure katako. Sakacinsa ne, Madam. Ki tafi da shi, mu binne ɗan'uwanmu kafin la'asar."

"Wallahi na ɗaure, Hajiya," in ji Zakaria. "Waya biyu-biyu. Kar a rufe ni, ba ni da kowa a Ankara."

Ta yaye zanen. Akwai bel ɗin tsaro a jikin gawar. Ta ɗaga shi da yatsa. Jini a ƙarƙashinsa, samansa fes.

"Da wannan ya hau?"

Masta ya ce, "Kowa da nasa yake hawa. Doka ce."

"Ina na sauran?"

Ta dubi leburorin, babu mai bel ko ɗaya.

Ta hau tsani zuwa hawa na uku, ba ta duba ƙasa ba. Babu makari a gefe. Katako ɗaya ya zame, na kusa da shi yana motsi, ba waya. Ta juya shi. Laka a ƙasa, a sama sawun ƙafa ba takalmi.

Ta sauko.

"Zakaria, ina kuka yi azahar?"

Ya dubi Masta.

"Ni za ka duba."

"Nan ƙasa. Tabarma ta jiƙe."

"A kan me kuka tsaya?"

"Katako."

"Wa ya sauko da shi?"

"Na tafi ɗebo ruwan alwala. Na dawo na tarar an shimfiɗa."

"Wa ya ja salla?"

Sai Masta Osumanu ya zauna a kan bulo.

"Kullum aka yi ruwa haka muke yi," ya ce. "Ni na kwance su, ni na mayar. Na ce in mun ci abinci zan ɗaure. Saddique bai tsaya cin abinci ba, ya hau."

"Bel ɗin fa?"

"Guda ɗaya ne. A mota yake zama, saboda masu duba gini. Bayan ya faɗo na sa masa."

Ta sa wa Masta ankwa, ta ce a kai gawar asibiti.

Leburorin sun saki Zakaria. Ya zube a cikin lakar, ya kasa tashi.